Makarantu shida na son manhajata: in ware wa kowace rumbunta ko in haɗa su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali? Na gama karatun kwamfuta a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, yanzu ina gida Argungu. Bara na rubuta wa wata makarantar kuɗi ta unguwarmu manhajar intanet da Laravel, kayan aikin gina manhaja, da MySQL, manhajar rumbun bayanai. Tana riƙe sunayen ɗalibai da makin jarrabawa da kuɗin makaranta, kuma tana fitar da takardar sakamako a ƙarshen zango. Alhamdu lillahi abin ya karɓu, har wasu makarantu biyar sun ce in yi musu: biyu a nan Argungu, biyu a Birnin Kebbi, sai wata Islamiyya a Jega. Niyyata in kwafi manhajar sau biyar, in canza suna da tambari, kowace makaranta da rumbun bayananta. Wani abokina ya ce ba haka ake yi ba, a zuba kowa a rumbu ɗaya. Ni kuma ina tsoron bayanan wannan makaranta su faɗa hannun waccan. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanina, Allah ya ƙara buɗi. Makarantu biyar su biyo ka da ƙafarsu ba ka yi talla ba, ai aikinka na farko ne ya yi maka magana.

Tambayarka ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba: kwafar manhajar kanta, da raba rumbun bayanai. Na farkon ba ya buƙatar doguwar shawara, kada ka kwafa. Ranar da ka gano lissafin matsayi yana rikicewa idan yara biyu suka yi kunnen doki a aji, wuri shida za ka bi kana gyarawa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke karya masu bin wannan hanya shi ne mai makarantar Birnin Kebbi zai ce ka ƙara masa gurbin kuɗin mota, na Jega ya ce shi hadda yake so a saka, a riƙa nuna izu nawa yaro ya kai, kai kuma ka yi wa kowa a kwafinsa. Kafin shekara ta zagayo kana riƙe da manhajoji shida da ba su ƙara kama da juna ba, kai kanka ba ka tuna wacce ka gyara wacce ka bari. Ka riƙe manhaja ɗaya a saba ɗaya, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai a intanet, duk gyaran da ka yi ya isa ga kowa a dare guda.

Batun rumbu shi ne mai nauyi, kuma tsoronka yana da tushe. Hanyoyi uku aka saba bi. Ko dai kowace makaranta da rumbunta, manhajar ta duba wanda ya shigo ta buɗe nasa. Ko rumbu ɗaya a yanka shi sashe-sashe, kowa da nasa teburan, kamar yadda ake yi a PostgreSQL, wata manhajar rumbu irin MySQL, inda ake kiran kowane sashe sikima. Wannan ba ta shafe ka ba tunda MySQL kake amfani da shi, domin a can sikima da rumbu abu ɗaya ne. Ta uku ita ce wadda abokinka ya faɗa: teburi ɗaya na ɗalibai, ɗaya na maki, ɗaya na kuɗi, kowane layi a ciki yana ɗauke da lambar makarantar da ta mallake shi.

Ina tare da abokinka, kuma ga dalilina. Kai kaɗai ne, ba ka da ma'aikata. Abokan cinikinka ƙananan makarantu ne da ke biyan kuɗi kaɗan a zango, wasu ma sai ka bi su. Ribarka tana cikin yawansu, wato ranar da suka kai 40 ko 50 alhali wahalarka ba ta ninka 50 ba. To ka ɗauka suna 40, kowa da rumbunsa, sai ka so ƙara gurbi ɗaya tak a teburin ɗalibai, a ce lambar wayar wanda ke ɗauko yaro daga makaranta. Sau 40 za a gudanar da sauyin. Idan ya tsaya a na 23 saboda wani tsohon bayani da ya ƙi shiga sabon tsari, rabin makarantunka na kan sabon tsari, rabi na kan tsoho, manhaja kuwa ɗaya ce, dole wasu su wayi gari ba ta buɗewa. Ga shi kuma masaukin intanet mai araha, irin wanda yawancinmu muke farawa da shi, kan ƙayyade yawan rumbunan da za ka iya buɗewa. Manya ma wannan hanya ta uku suka bi. Salesforce, kamfanin manhajar kasuwanci da aka kafa a Amurka a 1999, da haɗa kamfanoni masu yawa a rumbu ɗaya ya yi suna, kowane layi da lambar mai shi. Shopify, mai buɗe wa mutane shaguna a intanet, shi ma lambar shago yake liƙa wa bayanai, da suka yi yawa sai ya rarraba shagunan rukuni-rukuni a rumbuna daban.

Kada girman teburi ya ba ka tsoro. Makarantu 50, kowace da yara 600, kowane yaro darasi 12, zango uku: layin maki 1,080,000 ke nan a shekara. MySQL ko PostgreSQL ba sa ko gumi a kan wannan muddin ka yi fihirisa mai kyau, wadda ta fara da lambar makaranta sannan aji da zango.

Ka san yadda ake yi a injin casar shinkafa lokacin kaka. Sito ɗaya ne, buhunan mutum goma sun haɗu a ciki, abin da ke hana rigima shi ne kowane buhu an rubuta sunan mai shi tun a bakin ƙofa, kuma mai fitar da kaya ba ya miƙa wa kowa buhu sai ya duba rubutun. Haka rumbunka zai zama. Kowane teburi, ban ware ko ɗaya ba in dai bayanin makaranta ne a ciki, ya samu gurbin makaranta_id, kuma ka hana a bar shi fanko. Za ka ji zuciyarka na cewa teburin maki ba ya buƙata, tunda maki na ɗalibi ne, ɗalibi kuma an san makarantarsa. Saka masa duk da haka. Nan gaba za ka ga amfaninsa.

Rubuta lamba a kan layi shi ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne tabbatar da ana dubawa kowane lokaci. An taɓa kira na in duba wata manhaja da makarantu da dama ke amfani da ita a nan jihar. Muna zaune a ofishin mai makarantar, janareto na ruri a bayan taga, akawu ya buɗe mana sakamakon wani yaro. Na dubi adireshin da ke saman shafin, ya ƙare da lamba 412. Na ce wa akawun ya goge ta ya rubuta 530. Sai ga takardar wata yarinya ta bayyana, da hotonta cikin hijabin da ba kalar na makarantar ba, da makinta na lissafi, da lambar wayar mahaifinta, da bashin kuɗin makarantar da ake bin sa. Makarantar ma a wani gari take. Dattijon mai makarantar ya cire tabarau ya ajiye a kan teburi, ya ce, "Malam, ke nan su ma suna ganin namu?" Suna gani, duk wanda ya yi sha'awar canza lamba. Wanda ya rubuta manhajar ba mugu ba ne, kuma ya saka lambar makaranta a kowane teburi. A shafi ɗaya ne ya nemo takarda da lambarta kaɗai, bai haɗa da sharaɗin makaranta ba. Irin wannan ɓaraka ta barin mutum ya kai ga abin da ba nasa ba, ita ce ƙungiyar OWASP mai wayar da kai kan tsaron manhajoji ta sa a matsayi na ɗaya cikin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet a jerinta na 2021.

Saboda haka abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne kada tsaron bayanan yaran mutane ya dogara ga tunawarka. Za ka rubuta umarnin bincike ɗaruruwa, wasu da tsakar dare ana gobe rabon sakamako, kuma mantuwa ɗaya ta isa. Tsarin ne ya kamata ya riƙa saka sharaɗin da kansa.

Fara da inda lambar makaranta ke fitowa. Daga asusun wanda ya shiga da kalmar sirrinsa za ta fito, saba ta riƙe ta. Kada ka taɓa karɓar ta daga fom, ko daga adireshi, ko daga wani ɓoyayyen gurbi a shafi, domin duk abin da ya fito daga wayar mutum yana iya canza shi. Idan ka ba kowace makaranta reshen adireshinta a ƙarƙashin sunanka na .com.ng, abu ne mai kyau kuma masu makarantu na son sa, ga Let's Encrypt na ba da takardar tsaro ɗaya kyauta da ke rufe duk rassan tun 2018. Amma ko a nan ka riƙa tabbatar da cewa wanda ya shigo ɗan wannan makarantar ne.

A Laravel akwai addGlobalScope, wanda zai ɗaura sharaɗin makaranta a kan duk binciken da ya bi ta Eloquent, hanyar da Laravel ke magana da rumbu, ka kuma sa manhajar ta riƙa cike lambar da kanta duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon layi. Yi amfani da shi, amma ka san inda bai kai ba. Duk abin da ka rubuta kai tsaye da DB::table ya wuce ta gefensa, kuma a rahotanni masu nauyi, irin babban jadawalin makin aji, a nan aka fi yin haka. Aikin da ka tura layin jira, kamar aika saƙon tes ga iyaye, ba ya gudana a ƙarƙashin asusun kowa, sai ka haɗa masa lambar makaranta a cikin kayansa. Ma'ajiyar wucin gadi ma haka: idan ka ajiye jerin azuzuwa da suna "azuzuwa" kawai, makarantar da ta fara buɗewa da safe ita kowa zai gani. Hotunan yara da takardun sakamako kuwa, kada ka zuba su a buɗaɗɗen wurin da duk mai adireshi zai ɗauka. Kowace makaranta da jakarta, kuma manhaja ce za ta miƙa fayil bayan ta duba mai nema.

Tunda har yanzu makaranta ɗaya ce a kai, ina ba ka shawara ka koma PostgreSQL yanzu da ƙaura ke da sauƙi. Laravel na aiki da shi lafiya lau. Dalilina ɗaya ne: tun siga ta 9.5 da ta fito a farkon 2016, PostgreSQL na iya tsare teburi layi-layi. Da CREATE POLICY za ka gaya wa rumbun da kansa kada ya nuna wa kowa layin da lambarsa ba ta dace da makarantar da ke aiki a lokacin ba. Ko ka manta sharaɗi a manhaja, rumbun ba zai bayar ba. MySQL ba shi da wannan. Tarko biyu ne a ciki. Asusun da ya mallaki teburi yana tsallake dokar sai ka saka FORCE ROW LEVEL SECURITY, babban asusun gudanarwa kuwa kullum tsallakewa yake, don haka manhajarka ta riƙa shiga da ƙaramin asusu na daban. Na biyu, idan ana sake amfani da haɗin rumbu tsakanin masu shigowa, saka lambar makaranta da SET LOCAL a cikin kowace hada-hada, don kada lambar wanda ya fita ta rage wa mai shigowa.

Sannan ka ƙirƙiri makarantun gwaji biyu, ka rubuta gwajin da zai shiga da sunan ta farko ya yi ta neman ɗalibai da maki da rasit da hotunan ta biyu ta kowace ƙofa. Duk ranar da za ka ɗora sabon gyara, a gudanar da shi tukuna.

Akwai ƙananan abubuwa da za su ci maka tuwo a ƙwarya idan ba ka shirya musu ba. Lambar shiga da ake ba ɗalibi, kamar 001, tana nan a Argungu tana nan a Jega, don haka dokar hana maimaici ta zama a kan lambar makaranta haɗe da lambar shiga. Malamin lissafi da ke koyarwa a wannan makaranta da safe, da yamma yana waccan, kada ka tilasta masa asusu biyu da lambar waya biyu. Uba mai yara a boko da Islamiyya ma haka. Yi teburin mutane daban, da wani teburi da ke cewa wane yana makaranta kaza a matsayin malami, yana makaranta kaza a matsayin uba. Idan ya shiga sai ya zaɓi inda za shi. Ka kuma tabbatar rumbun na karɓar ƙ da ɗ da ɓ da haruffan Larabci, domin Islamiyyar Jega za ta buƙace su.

Bambancin makarantu kuma, a teburin saituna ake ajiye shi. Wannan na ba gwajin cikin zango maki 40 jarrabawa 60, waccan 30 da 70. Wata na bin A1 zuwa F9 irin na WAEC, wata mumtaz da jayyid take rubutawa. Islamiyyu da yawa Alhamis da Juma'a suke hutu. Duk waɗannan su zama abin da mai makaranta zai saita da kansa ko ka kunna masa. Ranar da ka rubuta a cikin kod cewa idan makaranta ta uku ce a yi kaza, ka koma gidan jiya na kwafi shida, sai dai yanzu a fayil ɗaya suke cunkushe.

Ba zan ɓoye maka raunin wannan hanya ba, guda biyu ne. Makarantun jiha ɗaya kusan mako ɗaya suke rufe zango, don haka duka za su taso wa sabarka a lokaci guda. Idan babbar makaranta ta danna fitar da takardun yara 900, ƙaramar da ke son duba rasit ɗaya sai ta yi ta jira. Maganinsa a tura aiki mai nauyi layin jira, a yi shi aji-aji, a sanar da akawu idan ya kammala. Na biyu ya fi ciwo. Akawun wata makaranta zai goge makin aji guda bisa kuskure, ya kira ka ka dawo masa da na jiya. Da kowa da rumbunsa ne, minti kaɗan ya isa. A haɗaɗɗen rumbu kuwa, idan ka dawo da na jiya ka shafe aikin yau na sauran makarantun. Sai dai ka zuba ajiyar jiya a wani rumbu na gefe, ka tsamo layukan makarantar kaɗai ka mayar. A nan ne lambar da na ce ka saka har a teburin maki za ta cece ka. Rubuta wannan hanya ka gwada ta tun kafin ranar ta zo, kuma ka sa gogewa ta zama ɓoyewa kawai, a ajiye wanda ya goge da lokacin da ya goge. Ajiyar kowane dare kuma ta kwana a wani wuri da ba sabar da manhajar ke kai ba.

Idan wata rana babbar makaranta mai rassa ta ce ita dole rumbunta daban kuma za ta biya, ba ka da matsala. Ka tsamo layukanta ka kai sabon rumbu, manhajar dai ita ce, ka caje ta kuɗin da ya dace da ƙarin wahalar.

Kuɗin makaranta kada ya bi ta asusunka. Paystack da Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, duk suna da tsarin ƙananan asusu da ke kai wa kowace makaranta kuɗinta kai tsaye, kai a cire maka rabonka. A rumbu kuma ajiye kuɗi a kwabo, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba. Sannan ka sani akwai doka a kanka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki makaranta a matsayin mai iko da bayanan, kai kuma mai sarrafa mata su. Ta tanadi neman yardar iyaye ko waliyyi a kan bayanan yara, kuma idan aka samu ɓaraka mai haɗari dole ka sanar da makaranta, ita kuma ta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72. Ku yi yarjejeniya a rubuce da kowane mai makaranta, ko da kawunka ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da ƙaramar makarantar firamare a Yauri. Wani yaro ya kawo mini irin wannan manhaja, ya ce makarantu da yawa na kanta. Ni ban san kwamfuta ba. Ta yaya zan gane ba zai haɗa bayanan yarana da na wasu ba? Daga wata mai karatu, Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya taimaka. Kasancewar makarantu da yawa a kai ba aibi ba ne, shi ne ma ke sa kuɗin ya yi sauƙi. Ba sai kin san kwamfuta za ki gwada shi ba. Ki sa akawunki ya buɗe sakamakon yaro ɗaya, ya canza lambar da ke ƙarshen adireshin sama zuwa wasu lambobi daban-daban, a gaban mai manhajar. Idan yaron da ba naki ba ya fito ko sau ɗaya, kada ki sa hannu sai an gyara. Ki kuma sa malamin aji biyu ya shiga da nasa asusun, ku ga ko yana iya taɓa makin aji biyar ko ganin lissafin kuɗi.

Ki tambaye shi inda yake ajiye kwafin bayanai, ki ce ya nuna miki yadda zai dawo da na makarantarki kaɗai idan wani abu ya ɓace. A cikin takardar yarjejeniya a rubuta cewa bayanan naki ne, kuma kowane ƙarshen zango zai ba ki su duka a Excel, ko kina ci gaba da shi ko kin bar shi. Ta ɓangarenki kuma Hajiya, kada malamai su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya. Kowa da tasa, kuma duk malamin da ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar da ya tafi.